Injin Faifan Malam Balarabe

Ranuna, Madina
Cikin watan Muharram

Zuwa ga Baffa Mu'azzam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Tasallah da duk mutanen Kano. Ni ce Suhaila, 'yar ƙaninka Tahir. Ka yi haƙuri da Hausata, mu 'yan nan da kunne muka iya ta, ba da alƙalami ba. Na rubuta takarda na turo maka hotonta ne don in na kira waya Abuya, wato babana, zai ji, ga shi kuwa ƙararsa na kawo.

Baffa, tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi bayan Babbar Sallah, ya ƙi kowa. Daktur ya ce hannun dama da harshen za su iya dawowa in yana motsa su. Shi kuwa ya juya fuska bango. Mai gashin ƙashi yana shigowa zai rufe ido, wai barci. In mun yi masa magana, yatsa kawai yake ɗagawa. Ummi duk ta rame.

Jiya na hau ɗakin sama, inda injin yanka faifai na kakanmu Malam Balarabe yake, wanda alhazan zamanin da kan yi gaisuwa a gabansa a yanka musu muryarsu a faifai su kai gida. Ka san Abuya bai taɓa barinsa ya yi ƙura ba. Ashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin, ya mutu, ba wanda ya lura. Ɗakin ya zama tanda. Faya-fayan da ba a yanka ba wasu sun lanƙwashe, mai ya daskare, injin ko juyawa ba ya yi. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban san ko injin nake wa ba ko mai shi.

Ina so in tayar da shi. Ni malamar firamare ce, ban taɓa riƙe sukudireba ba. Amma Abuya ya sha faɗa mana tare mahaifinku ya koya muku kafin ka koma Kano. Ka koya mini, Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Suhaila

*

Kano
Ƙarshen Muharram

'Yata Suhaila,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta, na sake karantawa Innarki tana ji. Hausarki ta fi ta wasu da aka haifa a gindin Dala. Allah ya yi miki albarka, ya ba ƙanina lafiya.

Da farko ki sani, zafi shi ne babban abokin gabar injin nan. Kada ki taɓa shi sai an gyara sanyin ɗaki. Ki rufe tagar da rana ke shigowa. Faya-fayan da suka tsira ki kwantar da su a kan abu mai baje, nesa da bango.

Tsohon mai kuwa ki jiƙa tsumma da kananzir ki goge shi a hankali, sannan ki ɗiga man keken ɗinki, ɗigo ɗigo, ba miya kike yi ba. Bel ɗin da ke juya faranti in ya bushe ki tafi da shi kasuwar Sultana, masu gyaran keken ɗinki za su samo miki irinsa. Abin da zan ja miki kunne a kansa shi ne kan injin, wurin da allura take. A cikinsa akwai waya da ta fi gashi siranta, ita ke sa allura rawa idan an yi magana. Tana ɗaukar zafi da sauri. Akwai ɗan ƙaramin fis da ke tsare ta, shi zai mutu a madadinta. Ki kula da shi.

Sai shawarar da ta fi duka. Ki sa a sauko da injin falo, daidai ƙofar ɗakin babanki, ki bar ƙofar a buɗe. Na san Tahir tun yana rarrafe. Lallashi ba ya tashinsa. Amma bai taɓa iya kallon wani yana aiki a karkace ya yi shiru ba. Ko takalmi na ɗaura ba daidai ba sai ya tanka, ni da nake wansa. Kada ki tambaye shi komai. Ki yi ta fama a gabansa kawai.

Ki gaida Umminki, ki ce ta ci abinci.

Baffanki,
Mu'azzam Balarabe

*

Ranuna
Tsakiyar Safar

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Akwai labari mai daɗi da marar daɗi, kuma a cakuɗe suke.

Mun sauko da injin, ni da mijin yayata da maƙwabta biyu, har ɗaya ya taka yatsan ɗaya. Kwanaki ina gogewa ina ɗiga mai. Abuya bai juyo ba, amma na lura ya daina barcin ƙarya. In sukudireba ya faɗi mini, sai in ga kafaɗarsa ta motsa.

Ranar Alhamis bayan Azahar faranti ya juya, lafiya lau, ba ƙara. Murna ta ɗebe ni. Fis ɗin da ka faɗa na tarar ya mutu, na sayo wani a Sultana, mai shagon ya ce wannan ya fi ƙarfi, ba zai sake mutuwa ba. Na ɗauka alheri ne. Na ɗora faifai, na sauke allura, na fara karanta Fatiha da ƙarfi a makirfo. Wani baƙin zare yana fitowa daga faifan, ina ta kallonsa ina jin daɗi. Ban ji warin ba.

Abuya ne ya ji. Baffa, wallahi ban san yadda ya sauko daga gado ba. Sai ganinsa na yi a bakin ƙofa, yana jan ƙafa, ya dafa bango, ya fizge wayar wuta da hannun hagu. Ya dube ni, ya ce, "Kin ƙona."

Ummi ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta ce, "Tahir, me ka ce?"

Ya ce, "Ta ƙona shi." Sai da ƙyar, amma kowa ya ji.

Ummi ta zauna a kan kujera tana dariya tana hawaye. Ni kuma ga hayaƙi yana fita daga kan injin kakana. Wayar nan ta ƙone ƙurmus. Abuya ya zauna a gaban injin har aka kira La'asar, yana shafa shi da hannun hagu. Tun ranar yana fitowa falo, amma ba ya kallona. Ina tsoron na kashe abin da ya fi so a duniya bayan mu. Ana samun wani kan a Kano?

'Yarka mai ɓarna,
Suhaila

*

Kano
Ƙarshen Safar

'Yata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Na yi sujada da na karanta cewa ya yi magana. Innarki ta soya ƙosai ta raba wa unguwa.

Ba a samun irin kan nan a Kano, ban kuma ce ana samu a Jidda ba. Amma ba a jefar da shi. Warware ƙonanniyar wayar ake yi a naɗa sabuwa. Duk zuriyarmu mutum ɗaya ya iya wannan naɗin, ni hannuna ya cika gaggawa, mahaifinmu ya sha kora ta a kansa. Wanda ya iya yana zaune a falonku.

Aikin na hannu biyu ne masu natsuwa, shi kuwa ɗaya gare shi yanzu. Ke kina da biyu. Ki sayo wayar ki ajiye a gabansa, ki zauna. Rashin kallon nan ba fushi ba ne. Kunya yake ji kin gan shi yana jan ƙafa.

Baffanki

*

Ranuna
Rabi'ul Awwal

Baffa abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Na yi yadda ka ce. Na ajiye wayar da madubin ƙara girma a gabansa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Wanke hannu."

Ba zan ɓoye maka ba, mun sha faɗa. Wayar tana tsinkewa, shi yana cewa "sassauta", ni ina jin "tsaya". Dole ya maimaita har kalmar ta fito sosai. Wata rana haushi ya sa ya zazzage ni da Larabci da Hausa a jere, Ummi tana leƙe tana cewa, "Ƙara masa haushi, ya Suhaila." Yanzu hannun daman yana danne mini ƙarshen wayar, yana rawa amma yana dannewa. Fis kuwa da kansa ya tafi Sultana a mota ya zaɓo ƙarami, ya kuma yi wa mai shagon nasiha. Ya sa na kafa 'yar fanka kusa da kan injin, kuma ba ma yanka sai da hantsi, kafin gari ya ɗau zafi.

Shekaranjiya muka gwada. Ya kore ni da Ummi daga falo bayan na sauke masa allura. Ban san abin da ya faɗa ba, ya hana a kunna. Ya karɓi takarda da biro, ya ce in turo maka abin da ke ƙasa ba tare da na gyara ba.

Suhaila

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ni ne Tahir. Da hagu nake rubutu, kada ka yi dariya.

Yarinyar nan hannunta ya fi naka. Ya kusa nawa.

Na yanka faifai. Na gaishe ka a ciki, na gaida iyayenmu, Baba da Inna, Allah ya jiƙansu. Muryar ba ta da kyau amma tawa ce.

Fuska ɗaya na yanka. Ɗaya fuskar na bar maka ita, ba komai a kanta. Ba zan aiko da shi Kano ba. Ka zo Umra kai da Tasallah, akwai ɗaki, an gyara sanyi.

Kada ka daɗe. Mun tsufa.

Ƙaninka,
Tahir