Tofin da Gado ya yi wa zarena

Asabar, 14 ga Oktoba 2023

Saƙon Sufyanu ya iso daga Abijan. Autan nan nawa ya san lagona. Sandar fatsa ce mai gaɓa uku da ake harhaɗawa, da ɗan keke mai naɗe zare, da gwangwani ɗauke da kifayen roba huɗu, kowanne da ƙugiyoyi a ciki. Akwai kuma wani ƙarfe kamar cokalin shayi, sai walƙiya yake. Ya rubuto wai da waɗannan ake kama giwan ruwa, ba da tana ba.

Shekara shida ke nan da na aje alli ina zaman bakin baraji, madatsar ruwan garinmu, da gora da toton kara, ban taɓa kama abin da ya wuce karfasa mai faɗin tafin hannu ba. Bana kam sai giwa.

Matata Mariyatu ta juya kifin roba a hannu ta ce, "Mushe, wanga in ya shiga miya mi za shi ƙara mata?" Har ita Mushe take ce mini, yadda ake kiran malamin makaranta a nan. Ban kula ta ba.

Litinin, 16 ga Oktoba

Na kai wa Gado ya gani. Taubashina ne, tare muka yi kiwon awaki kafin a kama ni a sa lakkwal, makarantar boko. Shi ya yi shekara goma sha ɗaya yana su a Tafkin Cadi, yanzu kuma da ruwan barajin nan yake ci da gidansa duk rani, don ba shi da garkar albasa.

Ya daɗe riƙe da sandar. Ya lanƙwasa bakinta, ya saki, ya sake lanƙwasawa. Ya ce sanda ta yi, ba ta da taurin kai kuma ba ta da laushin banza. Amma zaren da ta zo da shi na karfasa ne, giwa za ta tsinka shi tun ban ce bismilla ba, sai in nemi zaren roba na nilo lamba sittin. Ya ce farin kifin na safe ne in ruwa ya kwanta, cokalin kuma na ranar da ruwa ya gurɓace. Duk wannan ban tambaye shi ba.

"Ɗan boko ya samu abin wasa," in ji shi, yana dariya. Na yi dariyar ni ma. Amma na ga yadda yake kallon sandar nan. Mai son abinka ya fi ka dabara.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Madawa, neman zare. Mai shagon ya fito da ƙullaye uku, duk ya rantse sababbi ne. Wanda ya fi turo mini shi na fara ƙi, na san halinsu, wanda rana ta gasa a tebur shi suke fara sayar wa baƙo. Na naɗa kowanne a hannu na ja har ya yi mini shaida a fata. Na ɗauki koren, ya fi kama da launin ruwanmu. Lambar ce ban iya karantawa ba, masu yin kayan nan yanzu rubutunsu kamar kashin ƙuda. Ya ce sittin ne. Na sa wani mai sayen batir ya duba mini, don ban yarda da shi ba. Sittin ɗin ne.

Asabar, 21 ga Oktoba

Giwa ta kama! Hantsi bai yi ba, wajen duwatsun gindin baraji, na jefa kifin roba fari-da-shuɗi ina naɗowa a hankali, sai na ji kamar an fizge ni. Sanda ta tanƙware, keke ya yi ƙara, na ga bayanta ya juya a saman ruwa. Numfashi uku, sai zare ya dawo mini fayau, ba kifi ba roba.

Kafin in jefa, Gado ya leƙo ya ce, "Mushe, ɗaurin ga naka, bari in..." Na ce masa takardar da ta zo da kayan ta nuna ƙulli da hoto, kuma shekara talatin da ɗaya ina koyar da ƴaƴan mutane, ba yau za a koya mini ɗaure zare ba. Ya koma kan zarensa. Da abin ya faru bai yi mini tsiya ba, ko kalma ɗaya. Gado da ba ya barin tuntuɓe ya wuce bai yi mini waƙa da shi ba. Shirun nan ya tsaya mini a rai.

Talata, 24 ga Oktoba

Kifin roba na biyu ya tafi. Zaren da za a ɗaure akuya da shi, wai kifi ke tsinka shi kamar yanar gizo.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Zan rubuta abin da na gani, ba ƙari.

La'asar ta same mu bakin ruwa. Gado ya ce in fara salla, shi zai tsare kaya. Da na yi sallama ta hagu idona ya faɗa kansa. Ya juya mini baya, sandata na kan cinyarsa, zarena na bakinsa. Ya tofa masa miyau, leɓensa na motsi, ya ja da haƙori. Da ya ji na motsa ya aje sandar inda take, ya tashi yana kakkaɓe riga kamar bai yi komai ba.

Ni ban yarda da camfi ba, yara nawa na yi wa faɗa a kan haka. Amma kowa a garin nan ya san gidansu. Tun baraji bai zo ba, tun wurin yana ɗan tafki, kakansa ne ke yanka wa ruwan baƙin bunsuru kowace shekara. Ubansa ne ya fara salla a gidan. Irin wannan abu ba ya fita jini a tsara ɗaya, haka tsofaffi ke cewa. Ni dai ban ce ba.

Da ya tayar da kabbara na sa aska na yanke inda ya taɓa, na sake ɗaurawa da hannuna. Kafin magariba farin kifin nan, wanda na fi so, ya bi ƴan'uwansa. Ashe yankewar ma ba ta karya abin ba.

Litinin, 30 ga Oktoba

Ban je ba. Na zauna ina tuna duk ranar da Gado ya taɓa mini wani abu nawa.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Gado ya sake, yau ma lokacin salla. Wannan karon na yanko ƙugiyar da ƙullinsa gaba ɗaya na sa a ambulan. Shaida.

Shi kuwa da zarensa na hannu da ɗan karfasa mai rai ya fid da giwa mai tsawon damtsena har kafaɗa, nan kusa da inda nake jefawa. Ya aiko mana da tsakiyarta. Mariyatu ta yi romo, ƙamshi ya cika gida, na ce cikina ba daɗi.

Da yamma na biya wajen Isaka, furzidan, wato shugaban kwamitin baraji. Ni ne sakatarensu, ni na rubuta dokokin da hannuna, har da wadda ta hana sa wa ruwa magani. Gaskiya don masu zuba guba aka yi ta, amma magani magani ne. Na gaya masa abin da na gani kawai. Ya ce za a zauna Juma'a ta sama, goma ga wata, wanda aka kama da laifi kuwa ba shi ba ruwan nan sai baɗi.

Na san abin da hakan ke nufi ga gidan Gado. Geronsa bana bai yi ba, baki tara ne a gidan. To shi ya ja.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Isaka ba ya riƙe magana, na manta da haka. Ko ban manta ba.

Gari ya ɗauka. An ce jiya a ƙofar masallaci wani ya janye butarsa daga kusa da Gado, ya ce ɗan anna, jinin masu tsafi, ba ya tuba. Matan da ke sayen kifinsa su soya sun koma wajen wani. An hana shi ruwa sai an zauna.

Mun haɗu a hanyar rijiya. Ya ce, "Ina kwana, Malam Yaƙubu." Tunda muke bai taɓa kirana da sunan nan ba, kullum Mushe ne ko ɗan boko. Na amsa, ya wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma mai gaskiya ai da ya tsaya ya yi rantsuwa.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Kwana biyar babu Gado a bakin ruwa, babu wanda ya taɓa kayana, yau cokalin ya tafi. Kifi ma bai yi wani girma ba, na ji shi.

Na dawo ina faɗa ni kaɗai, na ce ashe tofin ya shiga sandar kanta. Mariyatu na tsakar gida tana ɗinkin faifai. Ta ce in miƙo bakin zaren. Ta ɗaga shi ga rana.

"Wanga ba tsinkewa ya yi ba, Mushe, kwancewa ya yi. Diba yadda bakin ya nannaɗe. Wanda ya tsinke a miƙe yake tsayawa."

Na ce ba na ganin wani nannaɗewa. Ta ce ta sani.

Ta ce in ɗaura ƙugiya a gabanta. Sau huɗu ina kuskuren kafar ƙugiyar. Da na samu na murɗa sau biyar kamar yadda hoton ya nuna, na zura, na ja, na miƙa mata. Ta ce biyu na murɗa ba biyar ba, kuma bakin zaren bai shiga kafar da nake zaton ya shiga ba, gefe ya bi. Ta ja da yatsa biyu, ya zare.

"Kuma zaren roba santsi gare shi. In ba a jiƙa shi da miyau ba kamin a ja, ba shi kamawa. Ko mai kitso ta san hakanan."

Na shiga ɗaki na ɗauko ambulan. Ban san me nake son in nuna mata ba. Ta maƙala ƙugiyar a ƙarfen ƙofa, ta naɗa guntun zaren a muciya, ta ja da hannu biyu har ƙofar ta yi ƙara. Ƙullin Gado ko gezau.

"Leɓen nashi da kag gani shina motsi, ƙila ƙirga murɗi shikai," ta ce, ta koma kan faifanta.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ban fita ba. Da safe na ce ƙila sun haɗa baki ne, ita da matar Gado ai tare suke zuwa niƙa. Na gwada ƙullin ni kaɗai a bayan ɗaki, sau bakwai. Shida sun zare.

In haka ne me ya hana shi gaya mini? Na buɗe kayen nan da nake rubutu a ciki, na koma baya na ga abin da na rubuta ran ashirin da ɗaya. Na rufe.

Yaushe rabona da karanta Alƙur'anina mai ƙananan baƙaƙe? Na ce wa kaina takardar ce ta tsufa.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

An zauna bayan salla, gindin gawon ƙofar Isaka. Mutum ya fi talatin, rabinsu na koya musu abacada. Na yi niyyar in ce na janye magana kawai, zare ne ba shi da kyau, a tashi. Na faɗa. Isaka ya ce magana ta riga ta fita, janyewa ba ta wanke kowa, sai a ji bakin mai ita. Ya juya ga Gado ya ce, me kake yi da zaren Mushe a bakinka?

Na jira ya tona ni. Kalma biyar ta ishe shi, kowa ya yi dariya ya koma ruwansa.

Ya ce, "Abin da Malam Yaƙubu ya gani, ya gani. Ba ni da ta cewa."

An sake tambayarsa, ya sake faɗin haka, idonsa a ƙasa. Isaka ya fara gyara murya zai yanke.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙugiya da zare suna aljihuna. Na ɗaura a gabansu, na daɗe. Na ba Isaka na ce ja. Ya ja, ya zare. Na ba shi ta ambulan na ce wannan Gado ya ɗaura. Ya ja har ya ciji leɓe. Na ce musu idona ne ya tafi, ban sani ba, Gado ya sani. Yana gyara mini ne a ɓoye don kada in ji kunya, ni kuma ina bi ina yankewa. Na ce ba magani ba ne, miyau ne, kowane masunci yana yi. Na ce na zalunce shi.

An yanke Gado ya koma ruwa. Ya tashi ya sa takalmansa ya tafi, bai dube ni ba.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Har yanzu akwai masu cewa ba a rasa wani abu a tofin nan ba. Na ji da kunnena wajen mai nama, na yi musu faɗa, suka ce ai Mushe kai ka fara faɗi.

Mariyatu ta ce in je asibitin Tawa a duba idon. Sai na gani.

Talata, 14 ga Nuwamba

Na je baraji da safe, don kawai in sha iska. Sandar ma don na saba ne na ɗauka. Kifin roba ɗaya ya rage, ja, mai tsagaggen baki.

Gado na can ƙasa wajen karan ruwa, ba inda muka saba zama ba. Na yi sallama, ya amsa daga nesa. Na zauna da roba a hannun dama, zare a hagu. Ban ɗaura ba. Rana ta taso har ta fara cizo ina nan zaune.

Can na ji takunsa. Ya tsaya a kaina. Na miƙa masa. Ya tsuguna ya zura, ya murɗa, ya jiƙa, ya ja. Ya ce jan nan ba na safe ba ne, amma tunda shi ya rage a gwada kusa da duwatsu, kuma in daina fizga da wuri. Bai kira ni da kowane suna ba. Ya koma wajensa.

Ban duba ƙullin ba, da wane ido ma. Na jefa.