Askin Saja

Rikoto, Zuru
12 ga Nuwamba, 2006

Ɗiyata Theresa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Gabriel da jikokina. Allah ya tsare ku da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata da ke gardama da ni kowace safiya. Dawa ta yi kyau a gonarmu ta ƙauyen Manga. Na zaɓi takarda ne domin wayar nan taku, kafin in gama gyaran murya kati ya ƙare. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ubanki a aji huɗu ya yi sallama da malamai, su ma kuma ba su yi kuka ba.

Saƙonki ya iso, wai in Gabriel ya zo Kirsimeti zai tafi miki da Saja, tunda kawunki Mika ya gaya miki na mai da karen uwarki ɓera. Mika bai yi ƙarya ba, amma rabin labari ya ba ki.

Kin tuna ranar da matar kanar ta ba uwarki shi a barikin Kaduna, cikin kwalin takalmi? Wai asalin irinsu daga wani tsibiri ne, Malta. Ni na zaci auduga ce sai da ta yi atishawa. Uwarki Hannah ta sa masa Saja, ta ce tunda na tsaya a kofur, gida na bukatar wanda ya fi ni muƙami. Da muka dawo Zuru mutane suka yi ta tambaya ko yana farauta, ko yana korar birai a gona. Na ce aikinsa zama a cinya. Sau ɗaya na kai shi Manga don in rufe bakinsu, a jaka na dawo da shi, ƙarangiya har cikin kunne, uwarki ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Haushi kuwa kamar zai cinye Mode makiyayi da shanunsa, alhali kaza mai 'ya'ya ta taɓa kora shi har ƙarƙashin gado.

Kullum da la'asar tana zama gindin mangwaro da jan matsefinta, tana taje shi tana waƙar Zumuntar matan coci, ta goge masa ido da ruwan ɗumi, ta cire masa ƙaya daga kifi. Ni duk na ɗauka hira ce suke yi. Bayan mun binne ta, gashin ya dunƙule kamar igiyar da akuya ta tauna. To, a bariki in gashi ya dami mutum kwashewa ake yi. Talle mai aski ya ce in injinsa ya taɓa kare ya rufe shago ke nan, sai na ari almakashi na ƙarasa da reza. Ƙwal, kamar sabon kurtu! Ashe duk girman Saja gashi ne, abin da ke ciki bai fi kurciya ba. Ga shi tsakiyar damina. Ya kama rawar sanyi, ya ƙi abinci, ya ƙi kallona. Likitan dabbobi ya ce gashin nan shi ne rigarsa shi ne laimarsa, ana ragewa amma ba a kaiwa fata, kuma saura kaɗan sanyi ya shiga ƙirjinsa. Na yanka tsohuwar safata ta soja na huda wa ƙafafu hanya na sa masa. Rikoto kaf sun zo kallo, a nan Mika ya gan shi.

Abin da bai gaya miki ba, gashi ya fito. Maƙwabciyarmu Asama'u mai kitso ce ta ɗauke ni makaranta. Ba ta taɓa kare, don haka daga bakin ƙofa take tsayawa tana ba da oda: in riƙe gindin gashin, in fara tsefewa daga baki, a hankali kamar kan ƙaramar yarinya. Ta ce hannuna kamar na mai fasa dutse. Yanzu na san ba a ba shi ƙashin kaza, na san da rana tsaka gefen randa yake so, har haƙora nake goge masa da tsumma, ni da nawa suka kusa ƙarewa. Likitan ya kuma ce irinsu ba sa jure kaɗaici, ku kuwa kuna fita aiki tun safe, a bene kuke, ga tsufa ya kama shi, ga nisan hanya.

Waɗannan dalilan likita ne. Nawa ɗaya ne. Duk ranar da matan Zumunta suka buga ganga a coci, sai ya ruga bakin ƙofa ya zauna yana jira. Ni ma sai in bi shi in tsaya kamar mai duba hanya. In sun tashi, mata suka wuce ɗaya bayan ɗaya, sai mu juyo tare zuwa gindin mangwaro in ɗauko jan matsefin. In kun tafi da shi, Theresa, ni kaɗai zan riƙa tsayawa a ƙofar nan, kuma ba ni da wanda zan ce na biyo.

Ki bar mini shi. Ku zo Kirsimeti dukanku ki duba shi da hannunki. In kin sami ƙulli ko ɗaya a jikinsa, ga reza, ki yi mini irin askin da na yi masa.

Ki gai da Gabriel, ki ce ya zo da jakar tsaraba, ba ta ɗaukar kare ba. Ki gai da jikokina Praise da Peculiar. Asama'u tana gaishe ki. Mika ma, ko da yake ban tambaye shi ba. Allah ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Ubanki,
Kofur Kefas mai ritaya,
har yanzu ƙarƙashin Saja