Inda Injin Albasa Za Ya Zauna

Birnin Ƙonni, 4 ga Janairu 1988

Zuwa ga taubashina Iliyasu, malamin gona, Badagishiri.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya. Ka gaida matarka Hawa'u, ka ce mata har yau ina mamakin abin da ta gani gare ka.

Bayan haka, injin da na daɗe ina yi maka zancenai ya iso daga Lome, yana cikin akwati ga tsakar gidana. Shi ka busar da albasa ya niƙe ta gari, a ɗura ga leda a kai Abijan da Ikko, inda ɗanya ke ruɓewa kahin ta isa. Shekara goma sha bakwai ina dakon buhun wasu kahin in kai ga wanga, ba gado, ba ubangida. Ku da kunka gama lakwal kuna zaune buro, ofishin gwamnati, ni da anka kora aji uku ga ni da masana'anta.

Na ga hili nan Ƙonni bakin kwalta. Ga wutar kuran, ga duwan masu karɓar kuɗin hito, ga iyaka kusa, ga makanikai in wani abu ya ɓaci. Abu guda nike so gare ka: ka tara mini manoman fadamarku, in albasa ta nuna su riƙa aiko ta nan. Shawara ban tambaya ba.

Naka,
Mutari

Badagishiri, 15 ga Janairu 1988

Zuwa ga Alhaji Mutari.

Bayan gaisuwa da barka da arziki, Allah ya sa albarka. Hawa'u na amsawa, ta ce abin da ta gani gare ni shi ne ba ni da bakinka.

Shawarar da ba ka tambaya ba ga ta kyauta. Albasa ruwa ce cikin riga. Buhu goma in sun bushe da ƙyar su cika ɗaya. In ka kafa inji Ƙonni, buhu tara na ruwa za ka riƙa ɗorawa mota cikin zahin bazara, wasu su ruɓe tun kan hanya. Dubi gidan siminti: ba Yamai anka kai shi ba inda masu gini suke, Malbaza anka aje shi, bisa dutsen da yake ci. Abin da ke rage nauyi, inda anka haihe shi ake sarrafa shi. Nan kuma ga mata da sunka gaji yankan albasa tun kakanninsu. Kuran ne babu, amma injin wuta ya isa, man gazuwal kuwa ka hi ni sanin inda yake araha.

Akwai hili gabas da kasuwa, kusa da kwalta, rijiyarsa gaba uku ka iske ruwa. Zo ka gani.

Na bar ka lahiya,
Iliyasu

Birnin Ƙonni, 27 ga Janairu 1988

Iliyasu,

Ina gaisuwa. Takardarka sau uku na karanta ta. Na farko na ce yaron ga ya yi ilimi. Na biyu na ce, ina mutum ya san zurhin rijiyar hilin da ba nashi ba? Na uku sai na aika anka kira mini Lurwanu mai kamyon ɗaukar kaya, wanda ke bin hanyarku kowane mako. Da na ce gabas da kasuwa, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Alhaji, ai gonar Rabo ce, uban Hawa'u! Shekara biyu yana neman wanda za ya liƙa ma ita."

Ashe ruwa ba ya tsami banza. Duk wannan karatu na buhu tara da dutsen Malbaza, talla ce kake yi ma surukinka? Ni za ka yi ma haka? Na zauna tashar Lome, inda ake saida ma mutum takalmin da ke ƙafarsa, kuma ba a taɓa saida mini nawa ba. Injin ga shi ne duk abin da na tara a duniya. In na dasa shi inda bai kamata ba, babu na biyu.

Ka ba ni amsa ba kwana-kwana.

Mutari

Badagishiri, 6 ga Fabrairu 1988

Alhaji,

Bayan gaisuwa. E, gonar baba Rabo ce. Laihina ne da ban faɗa ba. Na san halinka, da na sa sunanai da ba ka karanta sauran takardar ba.

Amma tunda bincike kake, ƙarasa shi. Tambayi Lurwanu wa za ya yi maka jigila in inji na Ƙonni. Sawu goma da sawu ɗaya, wanne ya hi mishi daɗi? Dariyar da ya yi, ba don Allah ya yi ta ba.

Kada ka yarda da ni, kada ka yarda da shi. Albasa ba ta da suruki, ba ta da mota. Sayi buhu goma ka busar da hannunka, ka ga abin da ya rage.

Naka duk da haka,
Iliyasu

Birnin Ƙonni, 11 ga Afrilu 1988

Zuwa ga Iliyasu.

Gaisuwa da fatan alheri. Ka ji ni shiru, aiki nike.

Na sayi buhu goman hannun wanda bai san ɗayanku ba. Biyu na zubar, sun yi ruwa tun cikin mota. Takwas ɗin da sunka saura, garinsu bai kai wuyan buhu guda ba. Na kira Lurwanu na nuna mishi, ya ce wai rana ce ta yi yawa bana. Na ce ya gaida gida.

To, kana da gaskiya kan albasa. Kan mutane kuwa ni ke da gaskiya. Makon jiya na shigo garinku cikin motar haya da tsohuwar riga, kamar mai sayen kaya. Na wuce ƙohwar gidanka, na ga babur ɗinka, ban tsaya ba. Na zagaya fadama da ƙafata har na iske wani dattijo, Malam Takama, arewa da gari, hili nai na kallon kwalta, rijiya ciki. Ni na zura guga na auna da kaina. Ban ambaci sunanka ba, shi ma bai ambata ba. Mun gama magana gaban mai gari.

Dabararka na ɗauka. Gonar surukinka ku ci gaba da noman ta.

Mutari

Badagishiri, 18 ga Afrilu 1988

Alhaji,

Barka da sayen hili, ka zaɓi mai kyau, ya ma hi na baba Rabo.

Sai dai gara ka ji daga bakina kahin Lurwanu ya kawo maka: Malam Takama ƙanen uwar Hawa'u ne. Mai garin da ya yi muku shaida kuma, baba Hawa'u ke kiran shi. Wallahi ban san ka zo ba sai da takardarka ta iso. Fadamar ga, duk inda ruwa yake kusa, dangin matata ne bisa shi. In wanda bai haɗa komi da ni ba kake nema, saura duwatsun tudu. Su ba su da dangi, ba su da ruwa kuma.

Ina sauraronka.
Iliyasu

Birnin Ƙonni, 25 ga Afrilu 1988

Iliyasu,

Na ji. Kwana biyu ban ci tuwo da daɗi ba.

Ran Alhamis inji na tasowa. Ka ce ma surukanka mata su wasa wuƙaƙensu, mazan su zo sauke kaya. Hawa'u ta dafa mini zabo.

Amma sikeli da nawa zan zo, kuma ni ka riƙon shi.

Taubashinka,
Mutari