Sifilin da Na Raina

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya raba ki da ciwon bayan nan. Mu nan ƙalau muke. Inna ta warware har ta koma faɗan da ta saba, Baba kuwa yana nan manne da rediyonsa.

Yaya, kin san gwajin wata uku aka ba ni a wurin aiki, kuma Larabar da ta wuce ce ranar ƙarshe. Manaja ya dire mini allon nan mai fitilu da ake kafawa a ƙofar shago, ya ce in rubuta manhajar da za ta sa rubutu ya fito a jikinsa, in bai fito ba in tattara jakata. Shi allon bai san harafi ba, sifili da ɗaya kawai yake ji. Kowane harafi yana da lambarsa, sai a mayar da ita sifili da ɗaya, gurbi takwas cif. Ni da iyayina na ga sifilan da ke farko ba sa ƙara komai, na bar kwamfuta ta zubar da su. Sai allo ya dinga fito da wasu alamomi kamar inda kaza ta yi tono. Kwana biyu ina zargin waya, har na sa mai gyara ya canza ta, yana gunaguni wai laifin ba nata ba ne. Da gaskiyarsa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ina zaune ina hararar allon sai na tuna ranar da kika warware hular da na saƙa da kwarashi, kika ce gurbin da aka tsallake ma ƙirga shi ake yi, in ba haka ba layi na gaba ya karkace. Ranar kuka na yi, na kira ki muguwa. Nan take na cike wa kowane harafi sifilansa har takwas, rubutu ya fito tsaf. Manaja ya cire tabarau ya goge, ya ce in zo Litinin da wuri.

Don haka ki kwantar da hankalinki, kujerar nan tawa ce, na zauna daram. Abin da na fara sa wa allon kuwa shi ne "Yaya, ki yafe mini muguwar da na ce miki," kuma duk titin ya karanta.

Ki gaida maigida da Gwaggo da 'Yan Biyu. Inna da Baba suna sa miki albarka.

Ƙanwarki,
Sarkin Gardama