An Ce Tasalla Ta Ci Ɗana, Ni Kuwa Na San Abin Da Ya Ci Shi

Assalamu alaikum mai wannan fili da masu karatu. A ɓoye sunana; sunayen da zan ambata ma na sauya su. Mai niyyar zagina ya bari sai ya kai ƙarshe, don babu abin da zai ce da ban riga na faɗa wa kaina ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, aji uku kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko. Bara da damina haɓar ɗana Arzika ta kumbura, yana ɗan shekara shida. Uwarsa ta ce, "Maigida, mu kai shi likita." Na ce wa ke barin gero tsaye a gona saboda ciwon haƙori? Na kai shi wurin wanzami, ya cire haƙoran da ke girgiɗa, ya tsaga wurin. Kumburi ya tashi kamar an zuga shi, har ya turo idonsa guda waje. Sai da na sa damin ƙarshe cikin rumbu sannan na hau kamyo, babbar motar kaya, da shi zuwa Yamai, ni kaɗai, don uwar tana da tsohon ciki.

A ɗakin da aka kwantar da shi na tarar da yara masu irin fuskarsa, daga Gaya, daga Doso, daga bakin kogi. Lokotoro, wato babban likita, ya ce ta bakin tafinta ciwon daji ne na yara, ba haƙori ba. Ya ce akwai wata sabuwar allura. Wanda aka kawo da wuri, wani sa'in kumburin yakan saɓe har yaro ya tashi, amma galibi sai ciwo ya ci ƙarfinsu ake kawo su. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na faɗa masa. Ya dube ni kawai. A can na binne Arzika.

Kafin in dawo, gari ya yanke hukunci, wana Dari ne kan gaba. Wai Tasalla ce, tsohuwa mai ƙosai wadda ba ta da ɗa ba ta da jika. Ita ke ba Arzika ƙosai kyauta tana tsokanarsa da "mijina". Wai mayya ce, da ƙosan ta kama kurwarsa. Matata ta tare ni a ƙofa ta ce, "Mi likita ya ce?" Na ce, "Ya ce bai gane ciwon ba." Ƙaryata ke nan, kuma har yau ina cikinta. Tun ranar ba mai sayen ƙosan Tasalla. In ta zo rijiya mata su janye gugansu, yara su bi ta da jifa. Matata takan tofa yawu in ta wuce ƙofar tsohuwar, sannan ta gaya wa mutane, "Maigida ya yi iya ƙoƙarinshi, har Yamai ya kai shi." Da wane baki zan ce mata ita ce mai gaskiya tun farko?

Yanzu haɓar Hassi, ɗiyar Dari, ta kumbura, haƙoranta sun fara girgiɗa. Na ce masa, "Yaya, kamyo na wucewa ran Juma'a, a sa ta ciki." Ya ce, "Kai da ka kai naka, da mi ka komo? Da rigarshi! Ɗan lakwal, ka rufa mini baki." Mutanen gari sun shirya a Juma'ar nan za a tuɓe Tasalla a sa ta tsallake yarinyar don ta saki kurwarta. In kumburi bai saɓe ba, a ƙone ɗakinta a kore ta daji. Dari ya ƙara da cewa, "Kuma kai za ka riƙe ta, tunda kai ta fara yi wa ɓarna."

Haushinsu duka nake ji: Dari mai kunnen ƙashi, da wanzami da askarsa, da garin da ya samu tsohuwa marar gata ya huce a kanta. Yaran nan na Gaya da Doso, su ma ƙosanta suka ci? Ku kuma na birni da za ku ce mana jahilai, likita na bayan gidanku. Mu sai an jira kamyo.

Jiya na gamu da Tasalla a hanyar gona, ta rame, tana tsintar kara. Ta ce, "Uban mijina, kai ka tafi Yamai. Ba su gaya maka komi ba?" Na wuce kamar ban ji ba.

In na buɗe baki, matata za ta san gero na zaɓa na bar ɗanta, kuma ba na zaton za ta ƙara kwana a gidana. In na yi shiru, kamyo zai wuce ba Hassi a ciki, ni kuwa ina riƙe da hannun Tasalla. Jibi ne Juma'a. Jama'a, me zan yi?