Zanen da Ke Wuyan Cokali

Ya Abu Mus'ab, sanyin idona, inuwata a zafin Jidda, iskar teku da ke shigo mini ta taga bayan la'asar!

Kwana tara ke nan da ka tafi da kaya Riyad, gidan ya yi mini faɗi kamar rigar aro. A waya, da na ambaci 'yarmu Razan sai ka ce halas, zance ya ƙare. Shi ya sa na ɗauki biro, don takarda ba ta katse mutum.

Ka tuna cokula shida da ka kawo mini a naɗe cikin jarida, shekarar da ka fara aiki a tashar jiragen ruwa? Mu da ke cin shinkafa da hannu! Ranar wata Juma'a a Abhur ka tsinci ƙumba a bakin ruwa, ka kara ta da zanen cokalin da nake motsa shayi, suka zo daidai, ka yi dariya har ka ƙware. Wallahi ranar na ga teku ya yi ƙarami kusa da fuskarka.

Shekara ashirin da huɗu ina wanke su, ba tsatsa, ba dusashewa, kamar yadda kake a raina. Amma ban taɓa tambaya ba: wa ya zana ƙumbar nan? Da na koyi karatu, na juya bayan cokali na ga 18/10, na yi kwanaki ina son sanin ma'anarsa. Razan ce ta gaya mini awon haɗin ƙarfen ne. Ta kai ni wani shago a Aziziyya ta baje mini cokula iri-iri. Wani an jera masa ɗigo a gefe kamar carbi. Wani kansa kamar cikin goge. Wani an ja masa siriri a baya, wai wutsiyar ɓera! Ta ce a kan azurfar masu hali aka fara yin su, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kafin su sauko kan ƙarfen da ba ya tsatsa, su iso kicin ɗina. To wane hannu ne ya fara? Ya san zanensa zai shiga bakin jikokin Takari? Matarsa ta yaba, ko ta ce ɓata lokaci ne?

Nurul ƙalbi, 'yarka ta zana nata. Ludayin da mahaifiyarka ta zo da shi aikin hajji, mai zanen ƙuna a mariƙi, shi ta ajiye a gabanta wata biyu. Ta mai da zanen kan cokali, da mai yatsu, da wuƙa. Da na gani sai da na zauna a ƙasa. Na ga hannun Hajiya, ya habibi!

Masu ƙera kayan tebur da suka ga zanen sun ce ta je ranar Lahadi ta fara koyon aiki. Ka ce cokali cokali ne. Ni ma tsoro nake ji, ka san ni: hanya, baƙin mutane, maganar iƙama wato takardar zama, duk na juya su har kaina ya yi ciwo. Amma tun ranar da ka hana, ta tura takardunta ƙarƙashin gado, abinci sai ta tsakura. Wannan ya fi ba ni tsoro. Ni na kai arba'in kafin a ce mini bismilla, ga allo. Na san nauyin jira.

Ruwan sanyina, ba za mu taka ƙofa ba sai da yardarka. In ka ce a'a, ina nan, taka ce, yau da gobe har ranar da za a ɗauke ni. Sai dai ka sani na goge abayar Razan na rataye. Na goge tawa ma, don ni zan raka ta. Kalma ɗaya muke jira.

Matarka har ƙarshen numfashi,
Mastura