Farfesa Yana So In Ƙara Shekara

Zuwa gare ka Dogona, sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, ruwan farko bayan dogon rani,

Ina lafiya, aiki kuma yana tafiya. Ofishin da suka ba ni a cibiyar binciken halayyar ɗan adam taga ɗaya gare shi, tana kallon wurin ajiye motoci. Kullum mutane suna shigowa, in maƙala musu na'urar auna bugun zuciya a yatsa, in nuna musu hotuna, in tambaye su abin da suka ji. Abin da muke son tabbatarwa shi ne mutum yana sabawa da komai: wanda aka yi wa ƙarin girma da wanda aka sallama daga aiki, a kwana a tashi zuciyar kowa takan koma inda take. Farfesa, shugaban bincikenmu, ya ce sakamakon ya yi kyau, yana so in ƙara shekara.

Na ce zan yi shawara, sai na binciki kaina tsakani da Allah. Na saba da gadon nan mai ƙara, na saba da hayaniyar titi da cin abinci a tsaye. Rashinka ne kawai ya ƙi sabuwa.

Ka tuna ranar tafiyata, da bakin akwatina ya yage, ka zauna dirshan a ƙasa kana ɗinke shi, kana mita wai matar Dogo ba za ta shiga duniya da kaya a waje ba? Har ka gama ba ka ɗago kai ba. Karanta fuska sana'ata ce, tauraron asubata, na san abin da kake ɓoyewa.

Jiya da abokan aiki suka fita, na maƙala na'urar a yatsana, na kunna saƙon muryarka, wanda kake tambayar ina na ajiye takalmin makarantar Auta. Layin da ke allo ya yi tsalle kamar ɗan akuya! Wace irin mai bincike ce cigiyar takalmi ke girgiza ta haka? Wane hoton teku ko furanni ya taɓa yi min wannan?

Yau na ce wa Farfesa a'a. Ya cire tabarau, ya ce ina zubar da babbar dama. Gaskiyarsa ce, ban musa ba.

Na san halinka, za ka ce in daure saboda ci gabana. Don Allah kada ka faɗa. Ka dai kwashe rigunanka daga ɓangarena na kabad, ƙarshen wata ina hanya.

Matarka, wadda ba ta da wani gida sai inda kake, yau da gobe har ƙarshen numfashi.